Tsegumi: Mai Babur Ya Iya Ƙarya, Maleji Bai Iya Ba

Jama'a, ku matso kusa, a kuma rage murya, domin mutanen da zan taɓa a wannan makon suna da dogon hannu da gajeren haƙuri. Masu manyan babura nake nufi, waɗanda kukan injinsu ke riga ƙurarsu isowa, a titin filin jirgin saman Abuja ranar Lahadi da sassafe, ko a hanyar Zariya ta Kano bayan La'asar. Suna da majalisunsu, suna da zaurukansu na WhatsApp da ba a shiga sai wani ya tsaya maka, suna kuma da doka ɗaya da kowa ya haddace: ba a kai zancen hanya gida. To, an yi rashin sa'a. Akwai mutum guda da ba ya cikin zauren amma ya san komai, shi ne bakanike. Bakanike kuwa yana zama teburin mai shayi, nan ne kunnena yake kwana.

'Yan Jafan da 'yan Jamus

Kafin in fasa ƙwan, bari in fitar da wanda bai sani ba daga duhu. Ba Boxer ɗin ɗan acaɓa ake magana ba, mai inji 100cc da ƙarfinsa bai kai na doki goma ba. Waɗannan babura ne da aka ƙera don su haɗa gudun tsere da doguwar tafiya: gilashin tare iska a gaba, akwatunan kaya a gefe, babban tanki, da kujerar da za ka wuni a kai. Ɗauki Kawasaki Ninja 1000SX. Injinsa 1,043cc ne, ƙarfinsa wajen doki 140, nauyinsa kilo 235. Wato ƙarfin injin Corolla ke nan aka ɗora a kan taya biyu, alhali ita Corolla ta haura kilo 1,200. Ka murɗa totur, cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu ka kai gudun kilomita 100.

Majalisar ta rabu gida biyu, kuma ba sa ga maciji. 'Yan Jafan na taƙama da Kawasaki da Suzuki da Yamaha FJR1300, sun ce nasu ba ya laulayi. 'Yan Jamus masu BMW R1250RT da K1600GT mai silinda shida sun ce su manya ne, ba sa wasa da yara. In ɗan Jamus ya juya baya, 'yan Jafan kan ce ai babur ɗinsa ya fi daɗewa a gareji yana jiran kaya daga Turai fiye da yadda ya daɗe a kan kwalta. In ɗan Jafan ya tashi, sai a ce talauci ne ya sa shi son abin da ba ya lalacewa. A bainar jama'a kuwa, sai runguma da "Oga" da "Shugaba".

Alhajin da ke da gida biyu, amma ba na mata ba

Ga na farko. Wani Alhaji mai shagunan atamfa a Kwari, ba zan ce a wane layi ba, ya yi watanni yana fita ranar Asabar da sunan duba gona. Hajiya ta fara zargin abin da kowace uwargida za ta zarga, har ta sa a bi sawunsa. Ɗan leƙen asirin ya dawo da rahoton cewa lallai Alhaji yana shiga wani gida a Nasarawa, yana shiga da babbar riga da hula ƙube, amma wanda ke fitowa wani ne cikin baƙaƙen kayan fata da hular kwano, a kan wani jan dodo. Ashe gidan abokinsa ne, a nan amaryar ƙarfen take kwana.

An ce da Hajiya ta ji, sai ta yi shiru, sannan ta ce: "Alhaji, da ma kishiya ka yi mini. Ita dai ba ta karya ƙashi."

Kada ku ga laifinta. Tun a watan Disambar 2017, lokacin da ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci ya yi haɗari a kan babban babur a Gwarimpa, ya samu rauni a kai da karaya, har daga bisani aka fitar da shi Jamus, iyaye mata da matan aure suka sa wa waɗannan babura ƙahon zuƙa. Sun ga abin da ya sami wanda ke da dukkan gatan duniya, sun kuma san nasu mazan Asibitin Ƙashi na Dala za a nufa da su, ko wurin mai ɗori. Majiyata ta ce yanzu a majalisar, waɗanda matansu suka san da babur ɗin su ne 'yan tsiraru. Akwai gidan wani gwauro da ya zama masaukin babura, kowane da mayafinsa, masu su na zuwa ziyara ɗaya bayan ɗaya.

Sabo fil daga gwanjo

Na biyu ya fi ciwo. Wani matashi mai tashen kuɗi, daga cikin masu harkar canji a Abuja, ya yi walimar sabon babur, ya ce daga kwali aka ciro masa shi. An sha lemo, an ɗauki hotuna, an yi ta Allah ya tsare. Sai wani ɗan baƙin ciki a cikinsu ya sunkuya kamar yana yaba fenti, ya ɗauki hoton lambar jikin babur ɗin, wadda ake bugawa a wuyan ƙarfensa, mai haruffa da alƙaluma 17. Ya je gida ya zuba ta a intanet. Sai ga hotunan babur ɗin a filin gwanjon ababen hawan da suka yi haɗari a Amurka, gabansa a rugurguje, fitila na reto.

Wannan sana'a ce mai zaman kanta, ba a yau aka fara ba. Kamfanonin inshora a can sukan lissafa kuɗin gyara, in ya kusa kuɗin babur sai su biya mai shi, su tura gawar gwanjo. Dillalai su saya da araha, a loda a kwantena zuwa Legas ko Kwatano, a sayo sababbin robobin jiki, a fesa fenti, shi ke nan ya zama ango. Roba da fitila duk mai sauƙi ne. Abin tsoro shi ne ƙarfen da ke riƙe da babur ɗin, ko sandunan tayar gaba, in sun ɗan lanƙwashe. A gudun 60 ba za ka ji komai ba. Sai ka haura 140 kan babur ya fara kaɗawa da kansa, a lokacin kuwa ba a saukowa a duba.

Hotunan sun zaga duk zaurukan in ban da wanda mai babur ɗin yake ciki. Har yanzu yana nan yana shafa tanki yana cewa "sabo dal", 'yan majalisa na amsawa da "Ma sha Allah".

Faɗuwar da ba a faɗa

Yanzu ga babban sirrin, wanda suka fi ɓoyewa fiye da bashi. Yawancin faɗuwar da ake yi da waɗannan babura ba a guje ake yin ta ba, a tsaye ake yin ta. K1600GT ya haura kilo 340. FJR1300 na neman 290. Muddin yana tafiya, nauyin ba ya damunka. Amma ka tsaya a kan yashi, ko ƙafarka ta taka inda baƙin mai ya zuba, ko ka matse burkin gaba alhali kan babur na karkace, to ya fara kwanciya ke nan, kuma ba ƙafar da za ta tare shi.

Haka ta faru da wani babban ma'aikacin gwamnati a wani gidan mai da ke hanyar Kaduna. Ya shigo da rugugi, kowa ya juyo, masu sayar da rake har da tafi. Ya tsaya, ya cire safar hannu a hankali don a gan shi da kyau, ya sauka. Ashe bai buɗe ƙafar da ake jingine babur ba. Ƙarar da aka ji har mai gadi sai da ya fito. Abin da ya fi ƙona masa rai, 'yan acaɓar da ke layin shan mai su suka taru suka ɗaga masa, ɗayansu na cewa: "Sannu Yallaɓai, ai babur ba ya son girman kai." Ya raba musu kuɗi, ya ce kada wanda ya ɗauki bidiyo. An ɗauka.

Washegari labarin da ya kai majalisa shi ne wai akuya ce ta gitta masa a guje, ya kauce da gwaninta. Bakanike kuwa ya ce shi dai ya san rauni. Babur da ya zame a guje, jikinsa na fitowa da dogayen ƙarce, kwalta ta cinye roba. Wanda ya kife a tsaye, madubi ne ke karyewa, da mariƙin kuloci, da ɗan tabo a akwatin gefe. Ya ce akuyoyin da ake ɗora wa laifi a garejinsa, da za a tara su, da sun cika kasuwar Wudil.

Sayen doki da sauƙi, ciyarwa ce aiki

Kun lura kukan manyan babura ya ragu a gari? Dalilin ba shiriya ba ce, lissafi ne. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Shi kuwa wannan babur komai nasa da dala ake sayowa: taya, sarƙa, takalmin burki, matatar iska, har baƙin mai, don ba ya shan irin na janareto.

Tayar baya ita ce mai tona asiri. Mai laushi ce don ta kama kwalta, saboda haka ba ta da tsawon rai. In ta yi maka kilomita dubu goma ka gode Allah, in hannunka na da zafi ba za ta kai ba. An raɗa mini cewa wani da ke shiga majalisa da agogon miliyoyi, tayar gwanjo yake sa wa babur ɗinsa, wadda Turawa suka cire suka yar. Ya manta cewa kowace taya na ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, alƙaluma huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wani yaron gareji ya karanta tasa da ƙarfi a gaban mutane, sai ga shi ta girmi 'yar autarsa da ke firamare. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba ta bushe, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta da amana.

Sai batun mai. Yawancin injinan BMW na zamani mai lamba 95 aka tsara musu, namu na gidajen mai kuwa ma'auninsa 91 ne, in an yi sa'a ba a gauraya ba. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa a titunan Abuja da Legas. Tun daga lokacin wasu 'yan majalisa ba sa shan mai sai a gidaje ƙidayayyu. Amma tankin Ninja lita 19 ne, da ƙyar ya kai ka kilomita 300, daga tsakiyar Abuja zuwa Kano kuwa an haura 400. Don haka komai jin kan mutum, wata rana sai ya tsaya gaban ɗan bumburutu da galan da mazurari, yana addu'a a zuci.

Ga ƙurar hunturu da ke cin sarƙa in ba a wanke ana shafa mata mai a kai a kai ba. A nan ne masu FJR da BMW ke ɗaga kafaɗa, don nasu ba sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe ke juya taya. Amma in fitilar gargaɗi ta kama a fuskar BMW, ba bakaniken bakin titi a Fagge ko Panteka da zai taɓa, sai mai kwamfutar da ke karanta ciwon. Masu wannan kwamfuta kaɗan ne, kuma sun san kaɗan ne.

Sakamakon haka, babura da dama sun koma kayan ado. Ana fito da su ranar Juma'a, a wanke, a tayar, a murɗa totur har maƙwabta su leƙo, a mayar. Akwai wanda batirinsa ya mutu sau da yawa saboda zama, har ya saya masa caja ta dindindin.

Wanda ya iso Kano a bayan a-kori-kura

An shirya tafiyar ayari daga Abuja zuwa Kano don ɗaurin auren ƙanin wani ɗan majalisa. Aka tashi bayan Asuba daga Zuba. Wani mai baki, wanda kullum labarinsa shi ne ya ƙure maleji, ya ce su yi gaba, yana da ɗan uzuri, zai cim musu. Sun sha ramuka da karkatar da hanya tsakanin Abuja da Kaduna, sun sha ƙurar tireloli a Tafa, suka iso a galabaice, ƙwari sun mammanne a gilashi. Suna isa suka tarar da gwanin ya riga su, yana zaune yana shan fura, babur na ƙyalli, ko ƙuda bai mutu a jikinsa ba. Ya ce ai shi ya wuce su a Jaji, ba su gan shi ba saboda gudu.

Ranar Litinin wani direban a-kori-kura ya je garejin da muka sani yana cigiyar wanda zai ɗinke masa igiyoyin ɗaure kaya. Hira ta yi hira, ya ce ai shekaranjiya wani ƙaton babur ya ɗauko daga Abuja, mai shi na gidan gaba yana barci, sai a Kwanar Ɗangora aka sauke.

Tunda an zo batun maleji, bari in taimaka wa masu ƙarya su gyara ƙaryarsu. Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999 ya haura gudun kilomita 300 a sa'a, abin ya tayar da hankali a Turai, sai manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka tsayar da baburansu a 299. Don haka duk wanda ya ce maka ya taka 320 da babur ɗin da ba a taɓa ƙwaƙwalwarsa ba, ka ce masa Allah ya ƙara lafiya. Ko 200 ɗin ma da wasu ke yi da gaske a sabuwar kwaltar Kano zuwa Zariya, su sani mita 55 suke ci a kowace daƙiƙa. In gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Hanyoyinmu kuwa ba shinge: ga shanu, ga mai kura, ga adaidaita sahu da ke tahowa ta hannun da ba nasa ba, ga tirelar da ta lalace aka sa mata ganye. Iyakar da hukumar FRSC ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya 100 ce.

Sunan da ba a son ji a majalisar shi ne Kunle Adeyanju. A 2022 ya taso daga Landan a watan Afrilu, ya ratsa Turai da hamadar Sahara, ya shigo Legas a ƙarshen Mayu, don tara kuɗin yaƙi da shan inna. Da me? Honda CB500X, wanda injinsa bai kai rabin na Ninja ba. In kana son a watse hira, ka ambace shi a gaban mai 1,600cc da bai taɓa wuce Kwanar Dawaki ba.

Gunagunin 'yan ƙananan babura

Akwai wani raɗe-raɗin da ba daga majalisa ya fito ba, daga bakin titi ne. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. A Kano an hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Lokacin da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a kai don ba su da kuɗin saye. Talaka dai ya sha doka. Amma in ƙaton babur ya nufo shingen bincike, sau da yawa sai ka ga an janye taya tun daga nesa, har da sarawa, don ba a san ɗan wane ne a cikin hular ba. Mai Boxer da ya goyo matarsa zuwa asibiti na gefe yana roƙo.

Kuma goyon da manyan ke yi ya fi haɗari. Shi gogan ya sha hular miliyan, da rigar fata mai kariya a gwiwar hannu da baya, da takalmi har ƙwauri. Ita kuwa wadda ke bayansa daga ita sai mayafi da silifa. A gaya wa mai jan Suzukin nan da ke yawan bi ta Zoo Road da dare: in ka iya sayen babur, ka iya sayen hula ta biyu, kuma mayafi da tayar baya ba sa shiri.

A watan Yulin 2022, da gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a duk ƙasa saboda 'yan bindiga, an ce zaurukan nan ba a yi barci ba. A daren ne wasu suka tuna cewa su ma babur suke hawa.

Dattijon da ba ya magana

Kada a ce bakina sharri kawai ya iya. Akwai wani dattijo, tsohon injiniya, mai tsohuwar FJR da fentinta ya koɗe. A majalisa yana can gefe, ba ya musu, ba ya labarin gudu. Yaran gareji ne suka leƙa malejinsa, suka ga ya fi na mutum biyar a haɗe. Ya je Yankari, ya hau Jos, ya hau tsaunin Mambila har Gembu. Ƙa'idarsa ba ta canzawa: ya duba iskar taya kafin rana ta fito, ya tsaya ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba, kuma Magariba ba ta riskarsa a kan hanya. Matarsa ta san da babur ɗin, ita ke haɗa masa guzuri. Bakanike ya ce shi kaɗai ne in ya kawo gyara yake faɗin ainihin abin da ya faru, shi ya sa aikinsa ba ya ɗaukar lokaci. An ce matasa biyu sun fara bin sa a ɓoye yana koya musu juyawa a ƙaramin fili da taka burki, da sharaɗin kada 'yan majalisa su ji cewa har yanzu koyo suke.

A ƙarshe, ga sanarwa kyauta. Nan ba da jimawa ba za ku ga tallan wani jan babur, an rubuta "mai shi zai yi tafiya ne". Ba inda za shi. Hajiya ce ta ba da wa'adi, kuma ta kai ƙara wurin surukarta. Mai son saye ya tafi da bakanikensa, ya duba takardun kwastan, ya karanta gefen taya, ya zuba lambar nan mai 17 a intanet kafin ya tura ko kwabo. Mako mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda kuɗin asusun taimakon 'yan majalisa ya zama sabuwar salansa a babur ɗin ma'aji. Ma'aji, kana da kwana bakwai ka mayar.